Giya, Fargaba da Jinyar Ƙura Ido: Da Me Za a Fara?

Hajiya, saƙonki ya iso, kuma na fahimci halin da kike ciki. Ƙanenki direban babbar mota ne, yana cikin waɗanda rufe gadar Malanville da Gaya ta rutsa da su bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ya yi watanni yana kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kayan mutane, guzuri ya ƙare, mai kaya na ta kira. Ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a toshe, aikin da ya sani bai dawo yadda yake ba. Kafin duk wannan kuma ya taɓa yin haɗarin da ya zama ajalin karen motarsa, a kan idonsa. Yanzu gabansa faɗuwa yake ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace masa, kuma kin gano cewa giyar sodabi yake sha a ɓoye, har da safe. Sai kika ga wani bidiyo a waya, ana cewa akwai jinyar da ake sa mutum ya ƙura wa wuri ɗaya ido, fargaba ta tafi, sha'awar giya ta mutu. Kina tambaya ko ki taɓa jarin albasarki ki nema masa ita.

Jinyar akwai ta, kuma masu yin ta na gaskiya ba 'yan damfara ba ne. Amma ba da ita za ki fara ba. In kika fara da ita, ko kika sa shi ya yanke shan nan take domin ya shirya mata, kina iya jefa ransa cikin haɗari. Bari in fara gaya miki abin da take, sannan mu zo kan abin da ya fi gaggawa.

Tushenta wata hanya ce da ake kira EMDR. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Francine Shapiro, ta lura a 1987 cewa idan tana jujjuya idanunta dama da hagu da sauri, tunanin da ke damunta yana rage zafi. Ta gwada a kan mutanen da suka ga tashin hankali, ta wallafa sakamakon farko a 1989. An yi ta jayayya a kai shekara da shekaru, ana kuma ta gwaji, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin da ta yarda a yi wa wanda firgicin wani mugun abu da ya gani ya ƙi barinsa. Wadda kika gani a bidiyo reshe ce da ta tsiro daga nan. Sunanta Brainspotting, kuma wani mai jinyar damuwa a birnin New York, David Grand, shi ya fito da ita a 2003. Yana aiki da wata yarinya 'yar shekara 16 mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, wadda wani tsalle guda ya gagare ta. Yana jan yatsansa a hankali a gaban fuskarta, sai ya ga idonta ya kaɗa ya tsaya a wani wuri. Maimakon ya wuce, sai ya tsayar da hannun a nan. Yarinyar ta ci gaba da kallon wurin, abubuwan da ba ta taɓa faɗa masa ba suka dinga fitowa. Daga nan ya gina hanyarsa, ya rubuta littafi a kanta a 2013.

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san mai damuwa yakan yi tagumi ya ƙura wa bango ko ƙasa ido, har sai an taɓa shi ya yi firgigit. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Abin da Grand ya ƙara shi ne da'awar cewa wurin da idon ya tsaya ba haka kawai ya tsaya ba, yana da alaƙa da inda abin yake a ajiye a ƙwaƙwalwa, kuma idan aka daɗe a wurin tare da mai jinya, ƙwaƙwalwar za ta warware ƙullin da kanta.

Ga yadda zaman yake kasancewa. Mai jinya zai tambayi mutum abin da ke damunsa, sannan ya ce ya lura da inda yake jin abin a jikinsa: ƙirji ne ya yi nauyi, ciki ne ya murɗa, ko maƙogwaro ne ya shaƙe. Sai ya ce ya auna zafin daga 0 zuwa 10. Daga nan ya ɗauko 'yar siririyar sanda irin ta malamin makaranta, yana tafiya da ita sannu a hankali daga hagu zuwa dama, sama da ƙasa, mutumin yana bin ta da ido. Ko dai mai jinyar ya hango alama, kamar ƙyafta ido da yawa, haɗiyar yawu, canjin numfashi ko motsin fuska, ko kuma mutumin da kansa ya ce nan ne abin ya fi tsananta. A nan ake tsayawa. Ba a yawan magana. Mutum yana kallo, yana lura da abin da ke taso masa, wani ya yi kuka, wani ya yi ta hamma, wani jikinsa ya yi rawa. Wasu masu jinyar suna sa masa abin sauraro a kunne, wani sauti mai laushi yana kaiwa da komowa tsakanin kunnen dama da na hagu. Kafin a tashi a sake auna zafin. Zama ɗaya yakan kai awa guda ko fiye.

To, tana aiki? A ganina a nan ne masu tallar bidiyo suke zarce gona da iri. Bayanin da ake yi na ƙwaƙwalwa hasashe ne, ba a tabbatar da shi ba. Binciken da aka yi a kan ita wannan hanyar kaɗan ne, a kan mutane ƙalilan, kuma da yawa daga cikinsa masu koyar da ita ne suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa ta a jerin shawarwarinta ba. Akwai mutanen da suka ce sun samu sauƙi, kuma ban ƙaryata su ba. Sai dai mutum ya zauna awa guda da wanda ya ba shi hankalinsa kacokan, ba tsawa ba gori, ya fuskanci abin da ya daɗe yana gudu, wannan kaɗai magani ne ko da sanda ko ba sanda. Nawa ne na idon, nawa ne na zaman, har yau ba a raba ba.

A kan giya kuwa, ko uwar tata EMDR ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2008, da mutum 34, ya nuna sha'awar sha ta ragu. Amma da aka yi wani mafi girma a Holan da mutum 109, aka wallafa a 2020, ƙara ta a kan jinyar da aka saba bai ƙara komai ba. Abin da za ki riƙe shi ne: waɗannan hanyoyi sun fi ƙarfi a kan firgicin abin da ya wuce, irin haɗarin da ƙanenki ya gani, fiye da a kan jarabar sha ita kanta. Idan firgicin ne ke tura shi ga kwalba, rage firgicin zai taimaka. Amma ba ya cire giya daga jinin mutum, kuma ba ya hana abin da zan gaya miki yanzu.

Kin ce yana sha da safe. Wannan kalma ɗaya ta fi duk sauran saƙon tayar mini da hankali. Mutumin da sai ya kurɓa da safe kafin hannunsa ya daina rawa, jikinsa ya riga ya dogara da giya. Irin wannan idan ya daina kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara karkarwa, zufa, tashin zuciya, bugun ƙirji. A kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, sambatu, ganin ƙwari ko macizai a bango, rashin gane mutane. Wannan matakin yana kisa idan ba a kai asibiti ba. A garuruwanmu sau da yawa a nan ake cewa aljanu ne suka buge shi, a kulle shi a ɗaki ana hayaƙi, alhali ruwa da allura yake bukata. Ki lura da watan azumi musamman, domin lokacin ne masu sha a ɓoye suke yankewa dare ɗaya saboda tsoron Allah da kunyar mutane, ga zafin ƙasar nan, ga ƙishirwa. Niyyar mai kyau ce, amma jiki bai san da ita ba.

Saboda haka matakin farko asibiti ne. Ku fara da babban asibitin yanki da ke nan Malanville, wanda ke kula da Malanville da Karimama. Abin da za a gaya wa likita shi ne gaskiya tsirara: me yake sha, kofi nawa ko kwalba nawa a rana, tun yaushe, ƙarfe nawa yake fara sha, yaushe ya sha na ƙarshe, ya taɓa faɗuwa ko gane-gane in ya daina, kuma yana haɗawa da tiramol ko wasu ƙwayoyi. Wannan ta ƙarshen kada a ɓoye ta. Tiramol ya yi yawa a hannun direbobi da 'yan dako da 'yan kabu-kabu, shi kansa yana jawo jijjiga, kuma daina shi yana da tasa wahalar. Likita yakan ba da wani maganin kwantar da jijiya irin su diyazefam na 'yan kwanaki, ana rage shi a hankali, tare da bitamin B1, wanda ke kare ƙwaƙwalwar mashayi daga lalacewar da ba ta gyaruwa. Ki roƙi a duba hantarsa, hawan jini, sukari da yawan jininsa.

Kada ki sayi diyazefam a tebur ko wajen masu yawo da magani a kasuwa ki ce za ki yi masa a gida. Idan ya haɗu da giya ko tiramol yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Kuma idan ba za ku samu ganin likita ba sai bayan kwana biyu ko uku, abin da zan faɗa zai yi miki nauyi a kunne, amma shi ne daidai: kada ki zubar da abin da ya ɓoye, kada ki kulle shi. Ya rage kaɗan-kaɗan har ku isa gaban likita, ya ci abinci, ya sha ruwa. Ba halatta giya nake yi ba. Kiyaye rai nake nufi, kuma duk malamin da ya san fiƙihu ya san matsayin rai.

Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gida, za a tura ku gaba. Babban asibitin koyarwa na Paraku yana da sashen masu taɓin hankali da damuwa, tafiyar sama da kilomita 300 ta hanyar Kandi. A Jugu akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille, wadda Grégoire Ahongbonon ya kafa, ɗan Benin da ya fara rayuwa da facin taya kafin ya duƙufa wajen kwance masu taɓin hankali daga mari. Suna da wasu cibiyoyin a Bohicon da Avrankou, kuma ba sa tambayar addinin mutum kafin su karɓe shi. A Kwatano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na ƙasa da ake kira Jacquot, amma wannan tafiya ce ta fiye da kilomita 700. Masu dangi a tsallake, wato Nijar, kan duba Babban Asibitin Yamai, masu dangi a Najeriya kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, inda Hausa za a yi masa daga ƙofa har gado. Harshe ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan jinya. Mutum yana iya cinikin taya da Faransanci, amma ba lalle ya iya faɗin abin da ya gani a ranar haɗari da shi ba.

Bayan an wuce makon farko lafiya, sai mataki na biyu, wato a zo kan fargabar. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Giya bashi da ruwa ce: ta ba ka kwanciyar hankali da dare, da asuba ta zo karɓar kuɗinta ninki biyu. Tana danne jijiyoyi, jiki kuma yana mayar da martani ta hanyar ƙara musu kuzari. Idan ta fita daga jini, sai kuzarin ya rage shi kaɗai, ya zama faɗuwar gaba, farkawa tsakar dare da zullumi. Mutum sai ya ɗauka ciwonsa ne ya dawo, ya sake sha. Wannan ya sa likitoci ba sa gaggawar yanke hukunci a kan fargabar mashayi sai ya yi makonni ba ya sha. A wajen mutane da yawa, bayan sati biyu zuwa huɗu babban kaso nata yakan lafa da kansa. Abin da ya rage bayan nan shi ne ainihin ciwon, kuma shi za a kai wa mai jinya.

A cikin waɗannan makonni ki sa ido a kan abin da ya maye gurbin kwalbar. Wanda ya bar giya yakan koma ga goro, shayi mai kauri zagaye uku, kofi da lemon gwangwani mai sa kuzari. Duk suna ƙara bugun zuciya, suna kore barci. Ba sai ya daina duka ba, amma bayan azahar ya haƙura da su. Ya riƙa cin abinci a kan lokaci, domin yunwa da la'asar tana zuwa da kamannin sha'awar sha. Ki kuma tambayi likita ko akwai maganin rage sha'awar giya a hannu. Akwai irin su naltirezon da akamfuroset, ko da yake ba a ko'ina ake samunsu ba, kuma na farkon ba ya haɗuwa da tiramol sam.

Akwai ɗan abin da zai iya ara daga jinyar ƙura ido ya yi a gida ba tare da haɗari ba, wato neman wurin natsuwa maimakon wurin ciwo. Masu hanyar su ma suna amfani da shi ga wanda bai yi ƙarfi ba tukuna. Ya zauna a tabarma ko kujera, inda ba hayaniya, bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Ya auna damuwarsa daga 0 zuwa 10. Ya nemi wuri a jikinsa da ya fi kowane lafawa, ko da tafin ƙafa ne ko tafin hannu, ya bar hankalinsa a wurin. Sannan ya kai dubansa hagu ya ɗan tsaya, ya dawo tsakiya ya tsaya, ya kai dama ya tsaya, yana lura da inda numfashinsa ya fi sauka. In ya samu, ya gwada ɗaga duban sama kaɗan ko sauke shi ƙasa. Inda ya fi jin daɗi, ya nemi wani abu a wurin ya ajiye idonsa a kai, ƙusa a bango ko bakin taga, ya zauna minti uku zuwa biyar. Fitar da numfashi ta fi shaƙarsa tsawo: ya shaƙa yana ƙirga huɗu, ya fitar yana ƙirga shida. In yana so ya haɗa da tasbihi, babu laifi, ya ma fi. Daga ƙarshe ya sake aunawa. In ya sauko daga 7 zuwa 5, an ci riba.

Ba zan ce miki idon ne ke yin aikin ba. Wataƙila numfashin ne, wataƙila zaman shiru ne. Amma ba ya cin ko dala, kuma yana ba shi abin yi a lokacin da ya fi bukata. Sha'awar giya ba ta dawwama. Takan taso, ta kai ƙololuwa, ta sauka, galibi cikin abin da bai wuce rabin awa ba idan ba a biya mata ba. Wanda ya san haka, kuma yana da abin da zai riƙe na wannan ɗan lokaci, ya fi wanda ke jin kamar abin ba zai taɓa wucewa ba sai ya sha.

Sharaɗi ɗaya: kada ya nemi wurin ciwon shi kaɗai, kada ke ma ki ɗauki sanda ki ce za ki gwada abin da kika gani a bidiyo. Tono ranar haɗarin ba tare da wanda ya san yadda ake rufewa ba yana iya barinsa cikin firgici da tsakar dare, kuma kin san inda zai nufa. In yana cikin zaman natsuwar sai hotunan haɗarin suka taso, ya buɗe ido sosai, ya miƙe, ya wanke fuska da ruwan sanyi, ya ambaci sunayen abubuwan da ke ɗakin da babbar murya, ya fita wajen mutane. Kada ya yi shi yana cikin maye, ko cikin kwanakin karkarwa. Idan kuwa yana jin muryoyi, ko ya fara zancen gara ya mutu ya huta, a bar duk wani motsa ido, a kai shi asibiti a ranar, a kuma kawar da maganin ƙwari na gona da duk wani makami daga inda hannunsa zai kai.

Sai a mataki na uku, bayan ya yi wata ɗaya ko biyu a tsaye, barci ya fara dawowa, za a yi maganar jinyar firgicin. In da zaɓi, ki fara neman wanda ya iya EMDR ko jinyar tattaunawa mai gyara tunani da ɗabi'a wadda aka tsara don firgici, domin su ne ke da hujja mai ƙarfi. In mai Brainspotting kika samu, ki yi masa tambayoyin da za ki yi wa duk wanda za ki ba amanar kaya. Mene ne ainihin aikinsa kafin ya koyi wannan hanya: likita ne, masanin halayya ne, ko ma'aikacin jinya? Ki tambayi wannan da kyau, domin horon matakin farko na hanyar kwana uku ne kacal, kuma takardar kwana uku ba ta mayar da mutum mai jinya. Ya taɓa aiki da masu shaye-shaye? Zai yarda ya yi magana da likitan da ke duba ƙanenki? Me zai yi idan yaron ya rikice bayan zama? Nawa ne kuɗin zama ɗaya, kuma bayan zama nawa za a tsaya a duba ko ana ci gaba? Wanda ya ce zama ɗaya ya isa, ko ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya nemi kuɗin zama goma a dunƙule ta waya kafin ku gan shi, ki riƙe jikkunanki.

Mafi yawan masu wannan aiki a manyan birane suke ko a ƙasashen waje, kuma da yawa suna yi ta bidiyo. Ana iya yi, amma sai da intanet mai ƙarfi, da ɗakin da ba mai leƙowa, da wani babba a kusa wanda za a kira in abu ya taso. In duk wannan bai samu ba, kada ki ga kamar an rufe masa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da ta fara a 2008 na koya wa likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci yadda za su kula da damuwa da shaye-shaye, tana kuma da wani tsarin zama biyar na warware matsala wanda aka gwada a Pakistan da Kenya, wanda ba sai ƙwararre ne zai yi shi ba. Ki tambaya a asibiti ko akwai ma'aikacin da ya samu irin wannan horo.

Saura naki aikin, wanda ya fi na kowa tsawo. Na san abin da ya sa kika rubuto mini maimakon ki gaya wa kawunku: rufin asiri. A gari irin Malanville, inda Dendi da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani duk a kasuwa ɗaya suke haɗuwa, magana ba ta kwana. Amma rufin asirin da ya zama ke kaɗai ke ɗauke da shi zai karya ki, shi kuma ya ba shi inuwar ci gaba. Ki zaɓi mutum biyu, namiji ɗaya da yake jin nauyinsa, da malami ɗaya mai sanyin hali. Ki yi wa ƙanenki magana da safe lokacin da yake cikin hayyacinsa, ke da shi, ba a gaban matarsa ko 'ya'yansa ba. Kada ki fara da wuta da azaba, ya san su, su ne ma ke hana shi barci. Ki ce masa, ƙanena, na ga hannunka na rawa, na ga ba ka barci, zo mu je a duba ka. Malamin kuma ya tuna masa da sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da asibiti, kada ɗaya ya kori ɗaya.

Gidan mari kuwa, ko wa ya ba ki shawara, kada ki kai shi. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, ya isa darasi. Mai firgici idan aka ɗaure shi, firgici aka ƙara masa.

Ki daina biya masa bashin mai sodabi, ki daina yi masa ƙarya wajen mai mota. Kuɗin cefane ki ba matarsa kai tsaye. Ku zauna ku lissafa lokutan da ya fi sha da wuraren: bakin tasha bayan magariba, ranar da aka biya shi, ranar da ya bi ta wurin da haɗarin ya faru. Kowane lokaci a sa masa wani abu a madadinsa, ko da zaman rumfarki ne yana ƙirga buhuna, ko raka kaya bakin kogin Isa wajen masu kwale-kwale. Tuƙi kuma ya dakata har sai likita ya ce ya koma. Mai shan diyazefam ko mai karkarwa ba shi da hurumin riƙe sitiyarin tirela a hanyar Kandi.

Ki sa a ranki cewa zai iya komawa ya sha. Da yawa sukan zame sau ɗaya ko fiye kafin su tsaya, kuma watannin farko su ne mafi santsi. Ku yi yarjejeniya tun yanzu, yana cikin hankalinsa: in ya zame, zai gaya miki ko wancan namijin a ranar, ba za a yi masa taron dangi ba, kuma za a koma wajen likita cikin satin. In zamewar ta kai kwanaki yana sha kullum, dokar farko ta dawo, ba yankewa dare ɗaya. Jarin albasar kuma ki raba shi uku kafin ki taɓa: kuɗin gwaji da magani na makon farko, kuɗin motar Paraku ko Jugu na mutum biyu zuwa da dawowa in an tura ku, da abin da iyalinsa za su ci a watannin da ba ya tuƙi. Abin da ya saura bayan wannan, shi za ki ajiye wa mai sanda.